Mota Mai Ƙofa Biyu da Bashin da Dillali Ba Ya Faɗi

Akwai wata ƙarya da ke yawo a wuraren sayar da motoci daga PZ har Samaru, kuma mu ake yi wa ita: matasan da suka fara ganin kuɗi a asusu, masu rubuta manhaja, masu yi wa kamfanonin waje aiki ta intanet. Ƙaryar ita ce wai farashin mota shi ne abin da ka biya ranar da aka miƙa maka makulli. A kan Corolla ko Golf maganar tana da ɗan ƙamshin gaskiya. A kan tsohuwar motar gudu mai ƙofa biyu kuwa, kuɗin sayen kafin alƙalami ne kawai.

Mutanen Zazzau sun san wannan lissafi tun kafin a ƙera mota. Duk wanda ya taɓa ajiye doki don hawan sallah ya san sayensa ne mai sauƙi. Harawa da dusa da kanwa da mai kula da barga su ne dokin. Abin mamaki, jikan mai dokin nan da digirinsa zai ga BMW 335i ta 2008 a farashin da bai kai na Corolla sa'arta ba, ya ce ya yi tsuntuwa. Ba ya tambayar dalilin da motar da ta ninka Corolla tsada tana sabuwa ta dawo ƙasa da ita. Kasuwa ba mahaukaciya ba ce. Ta riga ta cire kuɗin gyaran da ke tafe, ta bar wa mai saye ya biya daga baya.

Mu tsaya a kan 335i ɗin, don ita ce ta fi ɗaukar ido. Injinta, wanda ake kira N54, mai lita 3 ne da tabo biyu, ƙarfinsa wajen doki 300. Inji ne mai daɗin tuƙi, ba mu musu. Amma famfonsa mai tura fetur da matsi ya yi ƙaurin suna har a Amurka, inda a 2010 kamfanin ya kira motoci kusan 130,000 don a gyara. Famfon ruwansa na lantarki ne, kuma yakan mutu ba sallama. In ya mutu a kan hanyar Funtuwa cikin zafin Afrilu, mintoci kaɗan ne tsakaninka da ƙona inji. Robobin da ke toshe bakin mai sukan bushe su fara yoyo. Tun da fetur kai tsaye yake shiga silinda ba ya wanke bawul, baƙin dauɗa kan taru har sai an buɗe an kankare. Motar ba ta ma da sandar auna bakin mai, na'ura ce ke gaya maka. Ko batir ka sauya, sai an sanar da kwamfutar motar. To a Bomo wa zai sanar da ita?

Mazda RX-8 ta fi wannan ban tausayi. Injinta ba shi da fistin irin wanda bakanikenmu ya saba da shi. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku ke juyawa a ciki. Da gangan aka ƙera shi yana ƙona bakin mai kaɗan-kaɗan, don haka wanda bai saba dubawa ba zai kashe shi cikin ruwan sanyi. In ka tayar da ita da sanyin safiyar hunturu ka kashe nan take, fetur kan cika ta ta ƙi tashi. In bakin kusurwoyin nan suka cinye, sai dai a sauke inji. An daina ƙera ta tun 2012. Ka je Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ka nemi kayan cikinta, ka ga irin kallon da za a yi maka.

Kada a ɗora wa kanikawa laifin duka. Bakaniken da ya girma a kan Fijo 504 da 406 gwani ne a abin da ya sani, kuma shi ya riƙe motocin ƙasar nan shekara da shekaru. Sai dai dabarun da suka yi wa waɗancan aiki guba ne ga waɗannan: a cire tamostat wai ƙasarmu da zafi, a haɗa fanka kai tsaye, a zuba ruwan rijiya a lagireto, a ɗura bakin mai mai kauri inda aka ce sai mai tsinkewa. Fitilar gargaɗi ta kama, a manna mata baƙin salatif. Mu da muke aiki da kwamfuta mun san wannan hali sarai: a ɓoye saƙon kuskure a ce an gyara manhaja. Mun kuma san abin da ake nufi da gadar tsohon aikin da mutum biyar suka yi wa faci suka gudu. Wasunmu suna ganin ɗan abin nan da ake soka wa mota ya karanto matsalarta a waya ya wadatar. Zai gaya maka lambar ciwon. Ba zai kawo maka famfo daga Jamus ba.

Kawo shi ɗin ne inda ake kuka. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. A 2024 ta haura 1,500. Kayan gyara na dala 400 da ke tsayawa a naira 184,000 ya koma 600,000, kafin kuɗin jirgi da na kwastan. Fetur da bai kai naira 200 ba kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023 ya wuce 1,000 a shekarar da ta biyo baya, kuma injin da aka yi don gudu ba ya shan mai da ƙanƙan da kai. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne. Famfo ɗaya ya cinye albashin wani na fiye da wata takwas.

Sai hanya. Motar da aka ƙera cikinta kusa da ƙasa don titunan Jamus ita ce za ta hau tudun rage gudu a Samaru tana karkacewa kamar ƙaguwa, ta shiga lungunan Bomo da damina, ta sha ƙurar hunturu. Tayoyinta sirara ne, rami ɗaya ya lanƙwasa rim. Gudun da aka saye ta dominsa ma a ina za a yi shi? Tsakanin Kwangila da ƙofar jami'a, inda ɗalibai ke tsallakawa, keke da acaɓa suna kutsawa? Wanda ya taka ta a nan ba da ransa kaɗai yake wasa ba.

Za a ce mana kuɗinsa ne, sha'awarsa ce. Haka ne, kuma ba mu ce sha'awa laifi ba ce. Wanda ke da mota ta biyu, da bakaniken da ya san irinta, da kuɗin gyara a ajiye, ya saya ya more. Faɗanmu da dillalin da ke cewa "sabuwar shigowa ce, ko ƙusa ba za ka ɗaura ba", alhali ya san da yawa daga motocin da ke zuwa daga Amurka a gwanjon kamfanonin inshora aka sayo su, bayan haɗari ko ambaliya. Guguwar Harvey kaɗai ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a Texas a 2017, kuma ruwa in ya shiga wayoyin mota, ciwon yakan ɗauki watanni kafin ya fito. Faɗanmu kuma da wanda motar ta gajiyar, ya goge kurakuranta da na'ura, ya wanke inji ya yi ƙyalli, ya sayar wa ƙanin abokinsa.

Kowace mota tana da lambar shasi mai harafi da lamba 17, kuma da ita ake binciko tarihin motar Amurka a intanet, wani lokaci har da hotunanta na ranar gwanjo. Dillalin da ya hana ka lambar ya riga ya ba ka amsa. Wanda ya ba ka, ka ce a bar motar ta kwana ka zo ka tayar da ita da sanyinta, a auna matsin injin, sannan kafin ka tura ko sisi ka kira Ƙofar Ruwa ka tambayi kuɗin famfon ruwa, da ko akwai shi ma.