Digirin Noma: An Kashe Malamin Gona, Ana Zargin Ɗalibi da Raina Fartanya

Duk shekara idan jami'o'i suka fara sakin sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu, akwai matasan da ke buɗe shafin hukumar JAMB su tarar an ba su abin da ba su nema ba. Yarinya ta cike likitanci, yaro ya cike harhaɗa magunguna, maki bai kai ba ko kuma guraben sun cika, sai jami'a ta tura su tsangayar aikin gona. A gida ba a yin murna. Uban, wanda sau da yawa ma'aikacin banki ne ko lauya ko darakta a ma'aikata, yakan ce a karɓa a fara, in ya so bayan shekara guda a nemi canjin kwas ko a sake zana jarrabawa. Shi ne kuma gobe zai tashi a wurin taro ya yi wa noma kirari da na duƙe tsohon ciniki, ya koka cewa yaran zamani sun raina gona.

Wannan zargi ya daɗe yana yawo, kuma zalunci ne. Matashin da ke gudun digirin noma lissafi ya yi, lissafinsa kuma daidai ne: aikin da aka ƙirƙiro wannan digiri dominsa an bar shi ya mutu, waɗanda suka bar shi ya mutu kuwa su ne ke kan gaba wajen yi masa wa'azin komawa gona.

Digirin aikin gona a jami'o'in Nijeriya shekara biyar ne, daidai da na injiniya da na lauya. Ɗalibi yakan sha kimiyyar sinadarai da ta halittu, ya karanci ƙasa da abin da ke cikinta, da yadda ake gadon siffofi a tsirrai da dabbobi, da cututtuka da ƙwari, da abincin dabbobi, da tattalin arzikin gona. Shekara ta huɗu an ware ta domin aiki a fili. Babu wanda ya tsara wannan karatu don a koya wa mutum huɗa ko firi. Manomin Ɗandume ko na Saminaka ya fi kowane farfesa sanin ranar da ya kamata ya yi maimai. Abin da ba zai iya gani da idonsa ba shi ne sinadarin da ya ƙare a ƙasarsa, da sunan cutar da ta bayyana a ganyen masararsa bana, da irin da aka fitar a Samaru shekara uku da suka wuce wanda ƙuduji ba ya kayar da shi. Mai digirin noma shi ne mutumin da ya kamata ya tsaya tsakanin ɗakin bincike da kunya.

Waɗanda suka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sun fahimci haka. Tashar binciken Samaru, wadda ke aiki tun 1922, an haɗe ta da sabuwar jami'ar ta zama cibiyar IAR, aka kafa tsangayar koyarwa a gefenta, aka kuma buɗe sashen isar da sakamakon bincike ga manoma, wanda a yau ake kira NAERLS. Tsarin ya yi kama da na Amurka, inda dokar 1862 ta kafa kwalejojin noma, ta 1887 ta ba su tashoshin bincike, ta 1914 ta ɗora musu aikin malaman gona, kuma Jami'ar Jihar Kansas, ɗaya daga cikin irin waɗannan makarantu, ta turo malamai Zariya a shekarun 1960. Murhu ne mai duwatsu uku: koyarwa, bincike, isarwa. Kowa ya san abin da ke faruwa da tukunya idan aka zare dutse ɗaya.

Akwai wani aiki da aka yi a Samaru a wancan zamani da ya kamata kowane ɗalibin noma ya ji labarinsa tun a makon farko. Jami'an mulkin mallaka da waɗanda suka gaje su sun ɗauki al'adar haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya a matsayin alamar duhun kai, suka yi ta kiran manomi ya shuka abu ɗaya a layi. Masanin tattalin arzikin noma David Norman da abokan aikinsa suka zauna a ƙauyukan Ɗan Mahawayi da Doka da Hanwa a ƙasar Zazzau, suna auna gonaki, suna ƙirga sa'o'in aiki da buhunan amfani. Abin da suka tarar shi ne manomin ya fi masu ba shi shawara gaskiya: haɗa shuka ya fi ba shi riba a kan kowace eka, ya fi rage masa wahalar ƙwadago a tsakiyar damina, ya kuma fi kare shi daga tashi a tutar babu idan ruwa ya yi gardama. Wannan bincike na daga cikin tushen wani fanni da duniya ta karɓa daga baya, wanda ke fara nazari daga gonar manomi kafin a koma ofis. Ga amfanin mai ilimin noma ke nan: ya iya saurare, ya iya aunawa, ya san abin da za a gyara da abin da za a ƙyale.

Da aka buɗe shirye-shiryen raya aikin gona na Funtuwa da Gusau da Gwambe a tsakiyar shekarun 1970 da rancen Bankin Duniya, malamin gona ya zama mutum mai babur da albashi da jerin ƙauyukan da zai ziyarta, ana kuma tara su lokaci-lokaci masu digiri su horar da su. A wannan zamani ne masara ta tashi daga abin da ake shukawa a bayan gida don gasawa ta zama babban amfanin gona a Funtuwa da kewayenta, saboda sabon iri da takin zamani sun isa hannun manoma tare da mai yi musu bayani. Shirin ya bazu zuwa dukkan jihohi, KNARDA ta Kano na cikin waɗanda suka yi suna. Amma da kuɗin Bankin Duniya ya janye a shekarun 1990, gwamnonin jihohi suka bar hukumomin da albashi kawai, babu mai, babu babur, babu ɗaukar sababbin ma'aikata. Tsofaffin suka yi ta ritaya. A ƙauyuka da dama yau wanda ke riƙe da muƙamin malamin gona a aikace shi ne mai shagon maganin feshi, mutumin da ribarsa ke ƙaruwa gwargwadon yawan kwalaben da ya sayar.

Kuɗin wannan sakaci ana biyansa a kasuwa. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan ragowar maganin ƙwari, irin fiya-fiyan da ake zubawa a buhu don hana ƙwaro. Waken da Turawa suka ƙi, shi ake dafawa a gidajen Kano da Legas. Alhali buhun ajiya mai ruɓi uku da ke kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska, ba tare da ɗigon magani ba, ya riga ya shigo ƙasar shekaru kafin nan. A 2016 tsutsar tumatir da manoma suka laƙaba wa suna Sharon ta cinye gonakin rani a Kano da Kaduna har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Ƙwaron ya fito ne daga Kudancin Amurka, ya ratsa Turai da Arewacin Afirka cikin shekaru, ana kallonsa yana tahowa. A 2023 cuta ta faɗa wa citta a Kudancin Kaduna. Kowanne daga cikin waɗannan masifu yana da masana a jami'o'in ƙasar nan, kuma a kowanne manomi ya ji labari ne bayan gona ta tafi.

Dutsen bincike ma yana nan da sauran ƙarfinsa, duk da yunwar kuɗi. A ƙarshen 2019 aka amince da waken SAMPEA 20-T, wanda ayarin Farfesa Mohammad Ishiyaku ya samar a Samaru domin ya jure wa tsutsar da ke huda kwanson wake, ya rage yawan feshi. Akwai masu ja da irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, kuma muhawara ce da ta cancanci a yi ta. Sai dai wa zai yi ta da ilimi, a gaban manomi, cikin harshen da yake ji, idan ƙasa ta mai da tsangayar noma juji?

Amsar da shugabanni ke bayarwa kullum ita ce mai digiri ya daina jiran aikin gwamnati, ya je ya yi noma da kansa. An ji wannan tun shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976 da na juyin noma na Shagari a 1980. Masu faɗar haka su faɗi inda ɗan shekara ashirin da huɗu zai samu fili. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, takardar mallaka kuwa ba ta fitowa ga wanda ba shi da kowa, banki kuma ba ya karɓar gonar gado a matsayin jingina. Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024, kafin bankunan kasuwa su ɗora nasu. Babu masarar da ke biyan wannan. A sassan Zamfara da Katsina da Birnin Gwari sai an biya 'yan bindiga kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe. Manyan gonakin da ake nuna wa matasa a talabijin a matsayin abin koyi, yawanci na tsofaffin janar-janar ne da manyan sakatarori, waɗanda suka shiga noma da jarin da suka tara a wani wuri. Ko da an ba kowane mai digiri eka hamsin, an samu ƙarin manoma 'yan dubbai ne a ƙasar da ke da miliyoyinsu, miliyoyin kuma suna nan babu mai duba musu ganye.

Gwamnati ta san wannan giɓi. A 2016 ta ɗauki masu digiri a ƙarƙashin N-Power, wasunsu a matsayin malaman gona na wucin gadi a kan naira 30,000 a wata, sannan ta sallame su a 2020. Aikin da ke buƙatar shekaru kafin manomi ya yarda da mutum, aka mai da shi tallafin rage zaman banza. Ita ce kuma ƙasar da ta sa hannu a Maputo a 2003 cewa za ta ware wa noma kashi 10 cikin ɗari na kasafinta, amma a mafi yawan shekarun baya-bayan nan kason tarayya bai kai kashi 3 ba, kuma ɗan abin da aka ware yakan tafi ne ga kwangilar taki da taraktoci, domin su ake iya jerawa a filin wasa a ɗauki hoto. Albashin malamin gona da man babur ɗinsa ba su da bikin ƙaddamarwa.

Jami'o'in ma ba su da bakin wanke kansu. Shekarar aiki a fili a wurare da dama ta koma raba wa ɗalibai kunyoyi da fartanya, taraktar makaranta na kwance babu taya, wato ana tabbatar wa ɗalibin da aka turo bisa tilas duk abin da yake tsoro. Ana yaye mutum yana iya rattaba sunan ƙuduji da Latinanci, bai taɓa zama a gindin bishiya ya yi wa manoma ashirin bayaninsa da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri ba. Jami'o'in noma da aka kafa a Makurɗi da Abeokuta a 1988 da Umudike a 1992 sun yi ta buɗe kwasa-kwasan akanta da harkar banki don neman ɗalibai, har Audu Ogbeh ya yi ta kokawa a kai lokacin yana ministan noma. Duk da haka ana ci gaba da kafa sababbi, irin ta Zuru a 2020, ba tare da an tambayi inda waɗanda za su fito za su yi aiki ba.

Gyaran ba ya buƙatar wani sabon take. Jiha ɗaya ta ɗauki masu digirin noma aiki na dindindin, ta tura su mazaɓu da abin hawa da kayan gwajin ƙasa, ta ba su matakin albashi da girma irin na ma'aikatan lafiya, ta kuma hana sayar da maganin feshi sai a shagon da ke da mai shaidar karatun fannin, kamar yadda doka ta tanada ga kantin maganin mutane. A shekara ta biyu za a ga makin shiga tsangayar noma ya tashi da kansa, domin iyaye ba kirari suke bi ba, albashi suke bi. Kamfanonin iri na Zariya da masana'antun shinkafa na Kano da Kebbi sun fara ɗaukar irin waɗannan matasa don kula da manoman da ke noma musu, sai dai kamfani yana zuwa ne inda ribarsa take. Mai gero a Ɓaɓura da mai tumaki a Illela ba sa cikin lissafinsa.

Kafin nan, yarinyar da aka tura tsangayar noma tana zaune a aji ɗaya tana karatun JAMB a ɓoye, mahaifinta kuma ya riga ya saya mata fom.