Raddi Ga Masu Cewa A Dunƙule Basussuka Wuri Guda

Wata shawara ta fara samun gindin zama a tsakanin ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Ana cewa duk wanda bashi ya yi wa katutu, ana bin sa a wuri huɗu ko biyar, to ya je banki ko kamfanin ba da rance ya ciwo bashi ɗaya babba, ya sallami kowa, ya zama wuri guda kaɗai ake bin sa. Masu yaɗa wannan magana ba 'yan damfara ba ne. Da yawansu masu ilimi ne, kuma tausayi ne ya sa su faɗa. Don haka zan bi hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya, in kira mai ra'ayin da Malam, don girmamawa.

Malam ya fara da cewa haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba. Gaskiya ne, ana yi. Amma a duba wa ake yi wa. Ba'amurken da ake ba wannan shawara katunan bashi ne a hannunsa, uku ko huɗu, kowanne da kuɗin ruwan da a 'yan shekarun nan ya haura kashi 20 cikin ɗari a shekara. Duk bankuna ke bin sa, babu wanda ya san fuskarsa, babu wanda zai ɗaga masa ƙafa. Idan ya sami wani bankin da zai karɓi ƙasa da haka, ya rage asara. Basussukansa jinsi ɗaya ne, shi ya sa haɗa su ba ya canza komai sai farashi.

To a zo ga mutuminmu. A ƙaddara malamin firamare ne a Daudawa ko 'Yargoje, yana koyarwa yana noma, kamar yawancin ma'aikatan yankin. Dillalin taki na bin sa naira 200,000, biya sai kaka. Kawunsa na bin sa 150,000 da ya ranta masa lokacin da dangi ke harhaɗa kuɗin fansar wani ɗan'uwa. Mai kanti na bin sa 100,000 na kayan cefane da suka taru. Sai wata manhajar ba da rance ta waya da ke bin sa 50,000. Jimla 500,000. Daga cikin wannan duka, 50,000 ɗin nan ce kaɗai take haihuwa kullum. Sauran 450,000 suna nan yadda aka bar su, ko yau ya biya ko baɗi.

Nan hujjar Malam ta biyu ta shigo, wato wai biyan wata-wata zai yi sauƙi kuma abin zai fi arha. Mu yi lissafi. A ce mai ba da rancen ya yanka kashi 3 cikin ɗari a wata a kan uwar kuɗin, na tsawon wata 24. Ruwan kowane wata 15,000 ke nan, a shekara biyu 360,000. Wanda ake bi 500,000 ya koma ana bin sa 860,000, yana zubin kusan 35,800 duk wata, alhali mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Kuma akwai wani abu da ba kasafai ake bayyana wa mai karɓa ba: idan ana lissafa ruwan a kan cikakkiyar uwar kuɗin har wata na ƙarshe, to mutum yana biyan ruwa a kan kuɗin da ya riga ya mayar, ainihin tsadar ta kusa ninka abin da aka faɗa masa da baki. Ba kuma don bankuna mugaye ne ba. Babban Bankin Najeriya da kansa ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwamban 2024. Wanda ya sayo kuɗi da tsada ba zai sayar wa malamin firamare da araha ba.

Na san abin da Malam zai ce, kuma ita ce magana mafi ƙarfi a bakinsa: ai bashin dillalin taki ma ba kyauta ba ne, ya riga ya ɗora ribarsa a kan buhu tun ranar da ya bayar. Haka ne, wani lokacin ma ribar ta yi yawa. Sai dai wannan ƙarin an riga an yanke shi, ya zauna. Idan manomi ya ciwo bashin banki ya biya dillali a watan Yuli maimakon Nuwamba, dillali ba zai mayar masa da ko sisi ba. Ya biya tsadar jinkiri ga dillali, bai ci moriyar jinkirin ba, sannan ya sake biyan wata tsadar ga banki. Idan kuma yarjejeniyar ta buhunan masara ce ba ta kuɗi ba, akwai wata kariya da zai yar. A 2025 manoma sun ga yadda farashin masara ya faɗi alhali taki bai sauko ba. Wanda ake bi buhu goma, buhu goma zai auna, faɗuwar farashin dillali ta shafa. Wanda banki ke bi naira, sai ya ƙara yawan buhunan da zai kai kasuwar Dandume ko Sheme kafin ya haɗa adadin.

Hujja ta uku ita ce ta kwanciyar hankali da tsare mutunci: maimakon mutum huɗu su riƙa yi maka sallama, gara ɗaya. Ba na raina wannan. Wanda bai taɓa canza hanya don kada ya bi ta ƙofar mai kanti ba, ba zai san nauyinta ba. Amma ina tambayar Malam, wane ne wannan ɗayan? Kawu ana iya zuwa a durƙusa a ce masa bana an hana mu girbi. Mai kanti ya san ranar da aka shigo garin da dare, don shi ma a daji ya kwana. Banki ba shi da wannan kunnen, kuma ba laifinsa ba ne, kuɗin mutane yake juyawa. Tun watan Agustan 2020 akwai tsarin Babban Banki da ake kira GSI, wanda ya ba mai ba da rance damar bin lambar BVN ta wanda ya gaza biya, ya ciri kuɗi daga duk asusun da yake da shi a wasu bankunan. Ko kuɗin da wani ɗan'uwa ya turo daga Legas don sayen magani ne, in ya faɗa asusun, ya shiga.

Wannan ya kai mu ga abin da Malam ya yi shiru a kansa gaba ɗaya, wato wurin da ake magana. Bashin wata-wata an gina shi ne a kan zaton cewa kuɗi za su riƙa shigowa wata-wata. Ƙananan hukumomin nan uku, Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da suke mazaɓa ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya, sun fi kowa sanin cewa samun mutum na iya yankewa a dare ɗaya. Kisan Kadisau na Yunin 2020 da sace ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a ranar 11 ga Disamban 2020 su duniya ta ji, amma abin da ya fi taɓa aljihu shi ne na yau da gobe: gonar da ba a iya zuwa, harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa gari kafin a yi shuka ko girbi, shanun huɗa da aka kora. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari, don daƙile ɓarayin daji, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da waɗannan uku, ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, sannan aka katse layukan waya na tsawon watanni. Dillalin shanu da direba da mai POS, duk sana'arsu ta tsaya cik ba tare da laifinsu ba. Wanda dangi da abokan ciniki ke bi a lokacin, an jira shi. Wanda ya dunƙule komai ya kai wurin mai ƙidayar kwanaki, tara ce ta riƙa hawa kansa.

Malam ya ce cire kuɗin bashin daga albashi yana koya wa mutum tsari, dole bashi ya ƙare. Wannan ba ta buƙatar dogon bayani. Ranar da aka biya mai kanti, littafinsa ya koma fari, kuma rabin albashi ya riga ya tafi banki. Da me za a yi cefanen watan? Sai a koma wurin mai kanti. Bayan wata shida ga tsofaffin masu bi sun dawo, ga sabo a samansu.

Saura maganar Shari'a, wadda Malam ya tsallake da kalmar larura. Karɓar 500,000 don a mayar da 860,000 rance ne da ya jawo ƙari, kuma babu saɓani tsakanin mazhabobi huɗu a kan haramcinsa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a ɗauki bashin da ba shi da ruwa, wanda Musulmi ya ba ɗan'uwansa don Allah, a musanya shi da mai ruwa, sannan a kira wannan larura. Larura ita ce inda babu wata ƙofa, nan kuwa ƙofa a buɗe take: aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi, aya ta 60 a Suratut Tauba kuma ta sa waɗanda bashi ya danne cikin masu haƙƙin zakka. Idan Malam ya ce ai hawala ce, sai mu ce malaman Malikiyya sun san hawala, amma ita mayar da bashi ce daga wuyan wani zuwa wuyan wani a kan adadinsa, ba da ƙari ba. Idan ya ce a je bankin Musulunci, to Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, asalin cinikinsu na murabaha kaya suke saya su sayar maka, taki ko babur ko injin ban ruwa. Dabarar da ake yi ta sayen kaya a takarda a sayar nan take don a fito da tsabar kuɗi, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta hana nau'inta da banki ke shiryawa tun 2009. Kada kuma wani ya ɗauki wannan a matsayin lasisin danne kuɗin kawu. Jan ƙafa ga mai halin biya zalunci ne, balle a shekarar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, kamar Disamban 2024, inda kowane wata na jinkiri ke zaftare darajar abin da ya ranta.

Wuri ɗaya na yarda da Malam, shi ne bashin manhajar waya. Wannan yana ƙaruwa da sauri, kuma wasu masu shi sun yi ƙaurin suna wajen aika wa mutanen da ke cikin wayar mai bashi saƙon tozarci, har hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC ta fito musu da ƙa'idoji a 2022. Shi ya kamata a kashe da wuri, ko da kwasar adashi, ko da sayar da tunkiya, ko da rance marar ruwa daga ƙungiyar ma'aikata. Amma 50,000 ce. Ba a jawo 450,000 da ke zaune lafiya a jefa su cikin ruwa don a ceto ta.

Akwai kuma tambayar da ban ji Malam ya amsa ba. Rance babba ba a bayar da shi haka nan, sai da masu tsaya wa mutum ko da jingina. Idan abokan aiki biyu ne suka sa hannu, albashinsu ya shiga layi. Idan takardar gida ce ko ta gona, to abin da zai rage wa iyali in komai ya lalace shi aka ajiye a kan tebur. A cikin mutum huɗun da ke bin malamin nan tun farko, babu ko ɗaya da ya riƙe takardar gonarsa.