Kin biya kuɗin waƙa, ƴar rediyo ta yi gum

 

Yau maganar katin waƙa za mu yi, wanda yara ke cewa kart memuwar. Wata za ta ce wannan ai zancen samari ne. A'a. A ƙungiyoyinmu akwai matan da suka ci bashin asusu suka sayi bafil suna ba da haya wajen biki da suna. Akwai masu ƴar rediyo mai cin kati, suna daka suna sauraren karatu ko wa'azi. Duk mai zuwa wajen masu tura waƙa a kasuwa kuɗinta ne ke fita, kuma kukan da ake kawowa iri ɗaya ne: a teburin mai turawa waƙa ta yi, an zo gida ta ƙi.

Abin da ya kamata mu gane shi ne, waƙar da ke cikin kati ba iri ɗaya ba ce, ko da kunne bai bambanta su ba. Kowace tana da irin ƙunshinta. Akwai MP3, akwai M4A, akwai OPUS, sannan ga bidiyo irin MP4 da 3GP. Babbar waya da kwamfuta suna kwance kusan kowane ƙunshi. Ƴan rediyon nan namu masu araha kuwa, yawancinsu MP3 suka sani, sauran sai su tsallake kamar babu su a ciki. Shi ya sa yaron zai kunna miki amadar Barmani Coge ko waƙar Fati Nijar a kwamfutarsa ki ji raɗau, ki biya, ki zo gida ki ga shiru. Sau da yawa bai yi niyyar cuta ba. Bai tambaye ki a me za ki saka ba, ke ma ba ki faɗa ba.

Wanda ya fi kama mu shi ne na WhatsApp. Saƙon murya da aka ɗauka a ciki OPUS ne, za ki ga sunansa ya fara da PTT. Wa'azin da yayarki ta ɗauko miki daga Damagaram ta wannan hanya, waya za ta kunna shi, ƴar rediyo ta ƙi. Wasu masu turawa sai su goge ƙarshen sunan su rubuta mp3, su ce an gyara. Ba a gyara komai ba. Buhun dawa ne aka rubuta wa "gero" a baya. Sai an juya shi da manhajar juyawa a kwamfuta ko a waya, kuma wannan aikin ƴan mintoci ne ga wanda ya iya. Ki ce masa ya juya miki zuwa MP3, ki tsaya har ya gama.

Shi kansa katin yana da nasa. Mu mata mun saba in za a sayi tukunya a ɗauki babba, to a nan babba na iya zame miki wahala. Kati mai jiga 32 zuwa ƙasa yana zuwa da tsarin da ake kira FAT32, shi ne ƙananan rediyo suka iya karantawa. Daga jiga 64 zuwa sama tsarin exFAT ne, da yawansu ba su san shi ba, sai ki saka su nuna kamar ba kati. Mai gyara zai iya wanke babban ya mayar da shi FAT32, wani lokaci ya yi aiki, amma wankin yana share duk abin da ke ciki, har hotunan auren ɗiyarki in suna nan. Kuma me za ki yi da jiga 64? Waƙar minti biyar ba ta wuce mega biyar zuwa goma ba. Kati mai jiga 8 zai ɗauki waƙoƙi ɗaruruwa, biki ya watse ba a ji rabinsu ba.

Sai jabun kati, wanda shi ne ke ba ni haushi. A jikinsa an rubuta 32, kwamfuta ma ta nuna 32, alhali cikinsa bai kai haka ba. Abin da ya wuce ainihin cikin sai ya lalace, suna yana nan, sauti babu. Mugun abin shi ne in kin gwada waƙa biyu ko uku suka yi, sai hankalinki ya kwanta. Wata ƴar ƙungiya a wajenmu haka ta kai bafil gidan biki, ana cikin rawa sauti ya yanke, uwar amarya ta hana ta cikon kuɗin haya. Ranar zubi kuwa akwati bai san wannan labari ba, bashi da ribar da aka yanka suna nan suna jiranta.

Don haka in za ki wajen mai turawa, ki ɗauki ƴar rediyonki ko bafil ɗin da cajinsa ki tafi da shi. Kada kunya ta hana ki. Mai sayen atamfa ai sai ta warware ta duba. Ki tambaye shi waƙa nawa ya saka. In rediyonki mai nuna lamba ce, ki duba ko adadin da take kaiwa ya yi daidai da abin da ya faɗa, don abin da ta gane kaɗai take ƙirgawa. In ya ce 200 ta tsaya a 140, sittin ɗin nan ba naki ba ne tukuna. Ki ji ta farko, ki ji ta tsakiya, ki ji ta ƙarshe, sannan ki kwance bakin zane. In jika ɗaya kuka yi ciniki, jika ɗayan na waƙar da ke fita a na'urarki ne.

Akwai kuma wata sabuwa da ke zuwa ta hannun ƴaƴanmu. Yaro zai ce ya sauke miki waƙoƙi a Boomplay ko Audiomack ko YouTube, an kashe mega, wani lokaci har da kuɗin wata. Abin da aka ajiye don ji ba intanet a irin waɗannan manhajoji galibi a kulle yake cikinsu. A wannan wayar za ki ji shi, amma ba ya kwafuwa zuwa kati ya yi a rediyo. In na biyan wata ne, ranar da aka daina biya ƙofa ta rufe. Haya ce, ko da ke kina ganin saye kika yi.

Wannan kulle ba da mu aka fara ba. A 2003 kamfanin Apple ya buɗe kasuwar waƙa ta iTunes a Amurka, kowace waƙa ƙasa kaɗan da dalar Amurka ɗaya. Cikin ƙananan na'urorin hannu, a iPod na kamfanin kaɗai waƙar ke yi. Wanda ya sayi na'urar wani kamfani sai ya ga waƙoƙinsa sun ƙi binsa. An yi ta ƙorafi, har majalisar Faransa ta tattauna batun a 2006, kuma a 2009 Apple ya cire kullen daga waƙoƙin da yake sayarwa. Hujjar masu kulle ita ce kare haƙƙin mawaƙi, kuma ni ban raina hujjar ba, don kuɗin da muke ba mai tura waƙa a kasuwa ladan kwafi ne, ko dala ba ta isa hannun wadda ta rera. Muna ma da ofishin kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, a Yamai. Amma dai ban ga adalci ba a ce wadda ta biya ta hanyar da ta dace ita ce za ta rasa inda za ta saurara.

In waƙar ta riga ta maƙale a waya, da sauran dabara. Bafil mai bulutut, ko mai ramin igiyar sauti, zai fitar da duk abin da waya ta kunna, don wayar ce ke aikin, shi lasifika ne kawai. A gida wannan ya wadatar. A gidan biki kuwa ban ba ki shawara ba: kira zai shigo ana tsakiyar rawa, caji ya ƙare, ga wayarki a hannun yaran mutane. Mai sana'ar haya ta riƙe kati biyu masu abu ɗaya, ɗaya a bafil, ɗaya a ƙulle a gida. Kuma kada ki zare kati waƙa na cikin yi, ki kashe tukuna.

Ga sakatarorin ƙungiya, ku da kuka yi yaƙi da jahilci: a zaman da ke tafe ku yanki ƴar takarda ku rubuta wa kowace mai rediyo abu uku da manyan baƙaƙe, MP3, FAT32, da "kada ya wuce jiga 32". Ba sai ta iya karantawa ba, ta miƙa wa mai turawa kawai, shi ya san ma'anarsu. Wadda ke da katin da ya ƙi yi ta zo da shi tare da rediyonta, a gwada a na wata kafin a ce ya mutu.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.