Sana'ar cikin gida da riƙon mai saye

A Maraɗi da Damagaram da Tawa mata da yawa suna ciniki daga cikin ɗakunansu: mai man gyaɗa da ƙuliƙuli, mai turaren wuta, mai yanka atamfa. Ribar kaɗan ce, dala goma nan, dala ashirin can, amma da ita ake cefane, da ita kuma ake zubi a asusun Mata Masu Dubara, wanda ya fara a jahar Maraɗi a 1991.

Mai sayarwa a gida ba ta da rumfar da baƙo zai gani ya tsaya. Dukiyarta ita ce wadda ta saya jiya. In ta aika aka tambayo ko turaren ya yi ƙamshi, ko zanen bai zuba ba, mai saye ta san an darajanta ta, gobe da biki ya taso sai ta zo da ƙawarta.

Bashi kuwa shi ke cinye jari. Kunya takan hana mace tambayar maƙwabciya, kwanaki su wuce, a manta ko dala ɗari ce ko jaka guda, zumunci ya ɓaci. Nan karatun manya ke da amfani. Wadda ta iya rubutu ta samu littafi ta riƙa sa suna da kaya da ranar biya. Ya kamata malaman yaƙi da jahilci su sa wannan lissafi cikin darasi tun shekarar farko.