Sau Nawa Za a Sake wa Gog Suna?

Duk sa'ad da yaƙi ya tashi a ƙasar Isra'ila, sai waɗansu masu wa'azi su buɗe Ezekiyel sura 38 da 39, su ce ga Gog ya fito, ƙarshe ya zo. Bari mu tambaye su: Gog na wace shekara?

Littafi Mai Tsarki mai bayanin Scofield, wanda ya fito a 1909, ya koya wa mutane cewa Rasha ce ake nufi, Meshek ita ce Mosko, Tubal kuwa birnin Tobolsk. Ina hujja? Kamannin suna ne kawai. Meshek da Tubal kabilu ne da sarakunan Assuriya suka rubuta labarinsu, mazauninsu kuwa yana cikin ƙasar da ake kira Turkiyya a yau. In kamannin suna ya isa hujja, ai sai mu ce a Kano Ubangiji ya mai da ruwa ruwan inabi, tun da sunan ya yi kusa da Kana.

A 1970 Hal Lindsey, mutumin Amurka, ya ƙirga tsara ɗaya, wajen shekara 40, daga kafuwar Isra'ila a 1948. Shekarar 1988 ta zo ta wuce. A 1991 Tarayyar Sobiyet ta rushe. A wannan shekara kuma Saddam Husaini ya harba makamai masu linzami kan Isra'ila, nan da nan aka bar Mosko aka koma Babila. An rataye shi a 2006. Da Iran ta kai nata hari a 2024, sai aka tuna Farisa tana cikin aya ta 5. Mai wa'azi ya sake taswira, jama'a suka ce amin. Maimaitawar Shari'a 18:22 ta ba mu ma'aunin wanda ya yi magana da sunan Ubangiji abin bai cika ba. Me ya hana mu ɗauko shi?

Ban ce annabcin ƙarya ne ba, Allah ya kiyaye. Amma Wahayin Yahaya 20 ya sa fitowar Gog da Magog bayan shekara dubu, daga kusurwoyi huɗu na duniya. Da almajirai suka tambayi Yesu lokacin da za a mayar wa Isra'ila mulki, ya ce sanin wannan ba nasu ba ne, ya aike su shaida.

Abin da ya fi damuna shi ne murnar. Mutum ya ce yana ƙaunar Yahudawa, alhali yana ɗokin ranar da kashi biyu cikin uku za su hallaka, don lissafinsa na Zakariya 13:8 ya cika. Wace irin ƙauna ce wannan? Ya karanta Kush da Fut, ya ce Sudan da Libiya ne, ya mai da maƙwabtanmu rundunar Shaiɗan, har da masu bi da ke cikinsu. A Oktoba 2023 Hamas ta kashe Yahudawa a gidajensu. A wannan wata kuma bam ɗin Isra'ila ya faɗa a harabar majami'ar Forfiriyus a Gaza, ya kashe Kiristocin da suka fake a ciki. A taswirar mai wa'azi babu inda aka rubuta sunayensu.