Mu zana abin da ke gabanmu kafin ya rushe

Satin da ya wuce na taso daga Cadakori na shiga Maradi, sai na ratsa ta rumfar wani mai fenti, irin masu rubuta allon shaguna da bayan motoci. Na iske shi ya jingina falle ɗaya na katako, salula a hannun hagu, buroshi a hannun dama, yana kwafar hoton wata doguwar hasumiya a bakin teku, wuta na ci a samanta. Wai wani Alhaji ne ya sa shi, zai rataya a falo. Na ce, "Malam, wace hasumiya ce wannan?" Ya ce, "Wallahi ban sani ba, shi dai ya turo mini ta WhatsApp, ya ce in yi masa irinta."

Ban yi masa dariya ba, don ni ma sai da na koma gida na bincika. Ashe hasumiyar Iskandariya ce ta ƙasar Masar, wadda aka gama ginawa a tsibirin Faros wajen shekara 280 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), don ta riƙa haska wa jiragen ruwa hanyar shiga tasha. Tsayinta ya haura mita 100. Ku da kuka yi lakwal, kalmar nan phare ta Faransanci da ake kiran fitilar mota da ita, daga sunan tsibirin ta samo asali.

Yau babu ita. Girgizar ƙasa ta 1303 da ta 1323 sun yi mata mummunar ɓarna. Ibn Baɗuɗa ya gan ta a 1326, da ya komo a 1349 ya iske ta lalace har ba a iya shiga. Shi ne fa matafiyin nan da ya iso Takadda a ƙasar Ayar a 1353, har ya ambaci Gobir cikin wuraren da ake kai jan ƙarfe. Wajen 1477 Sarki Ƙaitbai ya gina sansanin yaƙi a gurbinta. Sai a 1994 masu nutso suka shiga ƙarƙashin teku suna lissafa duwatsunta.

To ga abin da ya tsaya mini a rai. Gini ya faɗi fiye da shekara 600, amma ga shi ana zana shi a Maradi, garin da ko teku babu. Me ya raya shi? Hannun masu zane. Sai dai akwai wani abu: zanen da ya fi yawo, na Maarten van Heemskerck ɗan ƙasar Holan, an buga shi a 1572, bayan hasumiyar ta daɗe da rushewa. Bai taɓa ganin ta ba, da ka ya ƙago ta. Waɗanda suka taimaki masana da gaske su ne masu buga sulalla a zamanin Rumawa da suka sa siffarta tana tsaye, da wani malamin Andalus, al-Balawi, da ya auna ta a ƙarni na 12. Da bayanan irin waɗannan ne Bajamushe Hermann Thiersch ya fitar da zane mai kama da gaskiya a 1909.

Yanzu mu dawo gida. A 1945 ambaliyar Gulbin Maradi ta cinye tsohon garin Maradi da ke cikin fadama, dole aka hau tudu aka sake gari. Wa a cikinmu zai iya kwatanta yadda unguwannin can suke? Yaran da suka ga garin da idonsu yanzu sun haura shekara 85. Kullum binne su muke yi tare da abin da suka gani. A Tibirin Gobir, a Agye, a Gazawa, duk damina sai an rasa wani zauren ƙasa ko soron da aka yi wa ado da hannu, a maye gurbinsa da bulo da kwano. Ba na zargin kowa, wanda ruwa ya kwana yana zubo masa ai dole ya so kwano. Amma kafin a rushe, wa ya zana?

Muna da hasumiyoyinmu ma. Gobarau ta Katsina, mai kimanin mita 15, tana nan a birnin da sarakunan Maradi suka baro bayan jihadi. Ta masallacin Agadas, mita 27 na zallan ƙasa, tun ƙarni na 16, kuma tun 2013 tsohon birnin ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO. Ban taɓa shiga falon kowa a nan na ga ɗayansu a bango ba.

Wani zai ce ai salula ta wadatar. Hotuna nawa kuka rasa ranar da salularku ta faɗa ruwa? Kuma kyamara ba ta iya ɗaukar abin da ya rage a kan tsoho kawai. Mai zane ne zai zauna gabansa, yana faɗa yana zanawa, tsoho na cewa "a'a, ƙofar ta fi haka gajarta." Wani zai ce addini fa? Saɓanin malamai a kan mai rai yake, ba a kan gini ko rumbu ba. Wani kuma zai ce ana fama da hatsi, wa ke ta zane? To mai fentin nan ma hatsin yake nema. Tun da injin buga allo a kan leda ya shigo, aikinsu ke ta raguwa.

Roƙona ƙarami ne. Ku haɗu ku biyar a fadarku ta shayi, ku zaɓi gini ɗaya a garinku da kuka san kwanansa ya kusa ƙarewa. Ku kai mai zane ya tsaya gabansa, ku biya shi haƙƙinsa, ku rubuta sunan wurin da shekara a ƙasa. Ku rataya a ajin makaranta ko zauren mai gari. Ni na riga na koma wajen mutumina, mun shirya zai zo Cadakori ya zana mini rumbun kakata, wanda aka ce bana za a rushe.