Zazzaɓin Zinare da Gubar Dalma: Labarin da ke Jiran Marubuci

A cikin littafin Ganɗoki na 1934, Bello Kagara ya gauraya tarihin yaƙin Turawa da duniyar aljannu. Irin wannan alƙalami ƙasar Zamfara ke bukata.

A shekarar 2010 aka gano cewa talauci da tsadar zinare sun sa mutanen Dareta ta Anka da 'Yargalma ta Bukkuyum suna niƙa duwatsun ma'adinai cikin gidajensu. Ashe ƙurar na ɗauke da dalma. Yara wajen 400 suka rasu, waɗansu suka rayu da raunin ƙwaƙwalwa.

Marubuci na da damar nuna mahaƙin da begen arziki ya zautar, har yana zance da aljanin rami. Sai dai bai kamata ya ɗora wa iskoki laifin ciwon yaran ba. Dalma kan shiga jini ta kai ƙwaƙwalwa, ta haddasa jijjiga da dakushewar fahimta. Yaron da aka ce iska ta taɓa shi, awon jini yake bukata.

Ya kyautu malaman Hausa da na kimiyya, daga Gummi zuwa Anka, su zaburar da ɗalibansu su rubuta wannan labari, domin abin da aka rubuta ba ya ɓata.